Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Tarihin Kamfanin Activision

Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka, mu duba tarihin kamfanin Activision, wanda sana'arsa ita ce tsara wasannin bidiyo, watau irin wasannin nan da ake bugawa a talabijin ko kwamfuta ko wayar hannu. Kada wani ya ce ai wannan zancen yara ne, domin cikin 2023 kamfanin Microsoft ya saye shi tare da rassansa a kan kuɗi wajen dala miliyan dubu 69. Abin da ya jawo hankalinmu gare shi kuwa shi ne asalinsa, gama rigima ce a kan hakkin ma'aikaci ta haife shi.

Cikin 1977 kamfanin Atari ya fito da wani akwatin wasa da ake jona wa talabijin, kowane wasa da kaset ɗinsa. A zamanin nan mutum guda ne ke zama ya tsara wasa tun daga farko har ƙarshe, da hotunansa da sautinsa, amma ba a rubuta sunansa a jikin kwali, balle a ba shi wani kaso daga cinikin. Cikin 1979 huɗu daga cikin gwanayen kamfanin, watau David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, suka yi lissafi suka ga wasanninsu ne suka kawo fiye da rabin cinikin kaset na shekarar da ta gabata. Sai suka tafi wurin shugabansu, Ray Kassar, wanda daga masana'antar tufafi ya zo, suka nemi a riƙa ambaton sunayensu, a kuma ba su kaso. Bisa ga labarin da Crane ya bayar, amsar da suka samu ita ce ba su fi mai saka kaset cikin kwali muhimmanci ba.

To, da jin haka sai suka ajiye aiki. Suka haɗa kai da wani Jim Levy, wanda ya san harkar faya-fayen waƙa, suka kafa Activision cikin watan Oktoba 1979. Shi ne kamfani na farko mai zaman kansa da ya riƙa tsara wasanni domin akwatin da wani kamfani ya ƙera. Levy ya ɗauki masu tsara wasa tamkar mawaƙa, ana buga sunan kowa da hotonsa a takardar bayanin wasansa. Cikin 1982 Crane ya fito da wasan Pitfall!, inda wani ɗan taliki ke keta daji yana tsallake kadoji da kunamu, aka sayar da kaset fiye da miliyan 4. A shekarar nan kuma wata mace, Carol Shaw, ta tsara River Raid, shi ma ya karɓu ƙwarai.

Atari ya kai su kotu, amma daga baya aka sasanta a kan za su riƙa biyansa wani kaso. Wannan sasantawa ta buɗe ƙofa ga kowa. Kamfanoni barkatai suka cika kasuwa da wasanni marasa inganci, masu saye suka gaji, kasuwar ta rushe cikin 1983. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Activision ya shiga hasara, waɗanda suka kafa shi suka watse ɗaya bayan ɗaya, har aka sake masa suna zuwa Mediagenic cikin 1988. Bashi ya yi masa katutu lokacin da Bobby Kotick da abokansa suka karɓe shi cikin 1991, suka mayar masa da sunansa na asali, suka tayar da shi.

A ƙarƙashin Kotick ne aka fito da Call of Duty cikin 2003, wasan yaƙin nan da samarinmu ke bugawa har a wayoyinsu. Wani reshe mai suna Infinity Ward ne ya tsara shi. Cikin 2009 suka fito da kashin da ake kira Modern Warfare 2, wanda cinikinsa ya wuce dala miliyan dubu cikin 'yan watanni. Amma cikin watan Maris 2010 sai Activision ya kori shugabannin reshen, Jason West da Vince Zampella, yana zarginsu da saɓa yarjejeniya da rashin biyayya. Su kuma suka garzaya kotu suna cewa an kore su ne don kada a biya su kasonsu. Ma'aikatan reshen fiye da 30 su ma suka kai ƙara a kan kuɗin da suka ce an riƙe musu. Sai cikin 2012 aka sasanta ba tare da an yanke hukunci ba. West da Zampella kuwa tuni suka kafa nasu kamfanin, Respawn, daidai yadda su Crane suka yi shekara 30 kafin nan.

Ashe ke nan gidan da aka gina don gudun zalunci yana iya wayar gari ana tuhumarsa da irinsa, muddin masu ginin sun tafi, masu jari sun gaje shi. Kyakkyawar niyyar shugaba takan tafi tare da shi. Saboda haka duk mai sana'ar basira, marubuci ne ko mawaƙi ko mai tsara wasa, ya tabbata sunansa da kasonsa suna rubuce cikin yarjejeniya tun kafin aiki ya fara kawo kuɗi, domin ranar rabon riba kowa takardarsa yake dubawa.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.