Tsawon Eriya Ba Shi Ne Magani Ba

Wani marubuci ya ce idan na'urar auna wutar gida ba ta kai saƙo nesa, a ƙara wa eriyarta tsawo, wai doguwa ta fi jifa. Ba haka ba ne.

Eriya da awo take aiki. Na'ura irin emonTx mai aikawa a kan megahaz 433 waya mai kusan santimita 17 take buƙata, wato rubu'in tsawon zangon igiyar rediyon. Ka ninka ta, ƙarfin ya riƙa komawa cikin na'urar maimakon ya fita.

Kuma ina aka dasa ta? Cikin akwatin ƙarfe, bayan bango mai rodi. Ta ina saƙon zai bi? A fito da eriyar waje, a miƙar da ita tsaye daidai da ta na'urar da ke karɓar saƙon, nesa da wayoyin wuta.