Ordonansi ba bayani ba ne

Yau ƙorafina a kan ƙofar urjans ne, inda ake karɓar tsofaffinmu cikin dare, a rufe ƙofa, a bar ƴaƴansu a tsakar gida suna zulumi.

Kowa ya san yadda abin yake. An kawo Baba ya faɗi, baki ya karkace. Bayan awa guda anfirmiye ya leƙo, ya miƙo takarda: a je farmasi. Can kuma wata takarda: a je a yi analiz. Mi ke damunsa? Shiru. In ka matsa, a jefo maka kalmomi biyu na faransanci a wuce. Haba! Iyalin da suka zo daga ƙauyen Dakoro ko Mirriya, ina suka san AVC?

Tun watan satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Mun yaba. To amma bayani fa? Shi ai ba ya cin ko dala.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba, bayanin yana cikin magani. Tsohon da ya suma ba ya iya faɗin ƙarfe nawa ciwon ya fara, ko yana shan maganin tansiyo, ko yana da ciwon sukari. Ɗiyarsa da aka kora waje ita ta sani. Sukari in ya faɗi ƙasa sosai yana iya kama da shanyewar ɓarin jiki, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Lokotoron da bai tambayi iyali ba, lalube yake cikin duhu.

Sannan akwai gaskiyar da ake ɓoyewa. In jiki ya yi nisa, a faɗa, cikin ladabi. Rai na Allah ne, amma iyali na da haƙƙin sanin ko za su saida akuya da hatsin rumbu, ko su kira ɗansa da ke Agadas ya taho ya iske mahaifinsa da rai.

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, gardi ɗaya majinyata barjat. Gaskiya ne. Mu ma da namu laifin: mutum ashirin a bakin ƙofa, kowa da tambayarsa. To ga mafita. Iyali su fidda mutum guda, a rubuta sunansa da lambarsa a dosiye. Shi za a yi wa bayani da an gama duba maras lafiya, da kuma kowace safiya, minti biyar, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek. Kowace ordonansi a faɗi amfaninta, da maganin da ya fi gaggawa in kuɗi ba su kai ba.

Shugabannin asibitoci na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, wannan ba ya jiran bajet. Umurni ɗaya daga bironku ya isa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.