Akwatin wifi moɗa ce, ba randa ba

Makon da ya wuce, cikin shirinmu na dare, wani dattijo ya kira mu muryarshi na rawa don ɓacin rai. Ya tara jikka goma sha takwas ya sayo akwatin wifi mai ƙaho huɗu, don ɗiyanshi da ke lise su samu intanet a gida. Sai da anka kwance kwali, anka juya akwatin gaba da baya, sannan anka gane babu inda za a sa pus. Ya koma shago, mai kaya ya ce kwalin da anka buɗe ba ya komawa. Bayan shi mutum uku sunka kira, kowa da irin tashi: wannan forfen wata ya ƙare mishi cikin kwana shida, wancan ya daina gaisawa da maƙwabcinshi saboda kodi.

To, yau za mu faɗi maganar da ba ta da daɗi. Ana cutar mu a cinikin akwatin nan, kuma rabin cutar mu ke yi wa kanmu.

Mu fara da tushe. Akwatin wifi ba ya haifar da intanet. Forfen da ka saya shi ne randa, akwatin kuwa moɗa ce da ke raba ruwan ga mutanen gida. Moɗa komai kyanta ba ta ƙara ko ɗigo cikin randa. Idan rezo ba shi da ƙarfi a unguwarku, akwatin jikka ɗari ma ba zai yi maku sihiri ba. Wanda ya gane wanga, ya tsira daga rabin ƙaryar da ake yi a kasuwa.

Akwati iri biyu ne, kuma a ido duk ɗaya suke. Akwai mai ramin pus, wanda ke kama rezon 4G kamar yadda salula ke yi, sannan ya watsa shi cikin gida. Akwai kuma wanda ba shi da ramin pus sam, sai an jona mishi igiyar intanet daga wani wuri. Na biyun ya fi araha, ya fi yawan ƙaho, shi ya sa ya fi ɗaukar ido a kan tebur. Amma gida nawa ne a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ke da igiyar intanet har cikin ɗaki? Mai shagon da ya san haka, ya kalli dattijo ya miƙa mishi irin wanga bai tambaye shi komai ba, ba ciniki ya yi ba, zalunci ya yi. Kada wani ya ce muna, ai mai saye bai tambaya ba. Wanda bai san abu ba, ta ina zai san tambayar da zai yi?

Sai lambobin da ke kan kwali. Za ka ga an rubuta 300 Mbps da manyan baƙaƙe. Wannan gudu ne tsakanin salularka da akwatin, cikin ɗaki, ba gudun intanet ɗin da zai shigo gidanka ba. Za ka ga an rubuta 5G, yaron shago na rantsuwa sabon zamani ne. A kan yawancin akwatuna masu araha, abin da ake nufi shi ne 5 GHz, wato ɗaya daga cikin tashoshi biyu da wifi ke bi, ɗayar kuma 2.4 GHz. Ta 5 ɗin ta fi sauri idan kana kusa, amma ba ta ratsa bango sosai. A gidajenmu masu katangar laka mai kauri da ƙofofin ƙarfe, ta 2.4 ce ke kaiwa ɗakin baya. Ashe abin da ake ƙara maka kuɗi dominshi, wataƙila ma ba shi za ka mora ba.

Akwai kuma akwatin da ke kulle. Kaya da yawa na shigo muna ta iyaka, wasu kuma kamfanin sadarwa na wata ƙasa ne ya kulle su don pus ɗinshi kaɗai. Ka sa na Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, akwatin ya kunna fitila ya zuba maka ido. Sai a ce ka kai wa mai gyara ya buɗe, ka sake biya, wani lokacin ya buɗu, wani lokacin ya mutu a hannunshi.

Mun san abin da ƴan kasuwa za su ce, don sun sha faɗa muna: mu ma haka anka kawo muna, kuma talaka mai araha yake nema. Gaskiya ne, kuma ba araha muke faɗa da ita ba. Akwati mai sauƙin kuɗi na iya riƙe gida mai salula biyar ko shida lafiya lau. Abin da muke faɗa da shi, sayar da kaya a rufe. Mai sayar da rediyo yana sa mata batir ka ji muryarta kafin ka biya. Mai babur yana bari ka tada shi. Don me akwatin wifi kaɗai za a ce sai ka kai gida ka ga abin da Allah ya yi? Akwai masu shago na kirki da ke gwadawa a gaban mai saye, kuma ba mu ga sun karye ba.

Yanzu mu juyo kanmu, don ba duka laifin ke kasuwa ba.

Mun kawo akwati gida, mun bar shi da kodin da ya zo da shi, wanda ke rubuce a ƙarƙashinshi, duk yaron da ya shigo gaisuwa zai iya karantawa. Shafin sarrafa akwatin, wanda ake shiga da lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, yawancinmu ba mu taɓa buɗe shi ba, alhali nan ne ake canza kodi, nan ne ake ganin salula nawa ke shan ruwan randarka. Sau da yawa kalmar shigarshi admin ce kawai, kowa ya sani. Mun ba mutum ɗaya kodi, ba mu san salulolin yanzu na iya miƙa shi ga wani ta hoton QR cikin ƙiftawar ido ba. Da magariba sai ka ga samari jere a gindin katangarka, kai kana ciki kana zagin kamfani.

Ga kuma ɓarawon da ke cikin aljihunmu. Salula, da zarar ta ga wifi, ɗauka take yi ruwan banza ne. Sai ta hau sabunta manhajoji, ta tura hotuna ajiya, WhatsApp ya sauko da duk bidiyon biki da wa'azi da anka zuba a gurup ko ba ka buɗe ba. Salula shida su yi haka dare ɗaya, me zai rage? Awa guda ta kallon bidiyo mai kyan hoto na iya lashe kusan jiga ɗaya. Maganin yana cikin parametir na kowace salula: a nuna mata cewa wifin nan mai awo ne, a kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Aikin minti biyar ne, amma mun fi son mu yi wata muna ƙorafi.

Wurin ajiya ma haka. Muna ɓoye akwati cikin kwaba ko bayan talabijin don kada yara su taɓa, sannan mu ce ba ya ja. A ɗora shi sama, kusa da taga, inda salula ta fi samun rezo. Ƙaramin nan na aljihu mai batir kuwa, kada a bar shi jone da kuran dare da rana cikin zafin Afrilu da Mayu, batirin kumbura yake yi. Babban kuma galibi ba shi da batir, kuran na ɗaukewa ya mutu, don haka mai saye ya lissafa da ɗan batirin da zai riƙe shi tun kafin ya biya.

Maganar maƙwabta ita ta fi ci muna rai. A wurinmu hana kodi kamar hana wuta ne ga wanda ya zo ɗiba, ana kiran mutum marowaci. Amma garwashi in ka ba wani, naka ba ya raguwa. Forfe kuwa raguwa yake yi. Kunya ta sa muna bayarwa, sannan mu koma muna gunaguni, daga nan sai gaba. Ya fi mutunci a zauna a faɗi gaskiya: gida uku, ga kuɗin forfen wata, kowa ya kawo kasonshi kamar adashe, a san salula nawa za su hau, a canza kodi duk ƙarshen wata. Zumuncin da anka gina kan lissafi a fili ya fi daɗewa bisa wanda anka gina kan kara.

Saboda haka, duk mai niyyar saye, ya tafi da pus ɗinshi a aljihu. A buɗe kwali a shago, a sa pus, a kunna, ka buɗe bidiyo da salularka ka gani da idonka. Ka gwada pus na kamfani biyu don ka tabbata ba a kulle yake ba. Ka karɓi takarda mai tambarin shago, a rubuta kwana nawa kake da su na maidowa. Wanda ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, ka maida kuɗinka aljihu ka yi gaba, shago ba ɗaya ba ne.

Ku kuma ƴan'uwanmu masu shago, tambaya guda za ta wanke ku: Baba, da pus za ka yi aiki ko kana da igiya a gida? Da an yi wa dattijon nan ita, da ɗiyanshi na karatu yanzu, da kuma ya aiko maku maƙwabtanshi.

Wanda irin haka ta faɗa mishi ya rubuto muna a ƙasa, ba tare da kiran sunan kowa ba, za mu karanta a shiri na gaba. Allah shi sa albarka cikin abin da muke nema da guminmu.