Sanarwar Bayan Taron Makanikai da 'Yan Rewaya na Magajiya, Suleja

Mu makanikai da 'yan rewaya masu gareji a mazaɓar Magajiya mun zauna ranar Lahadi bayan sallar La'asar, domin wata ɗabi'a da ta fara yawa a tsakaninmu: jona sikana biyu a mota ɗaya lokaci guda, ta hanyar wayar nan mai kai biyu.

Taron ya tunatar da 'yan uwa cewa soket ɗin OBD mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun motocin 1996, Turai kuma ta bi a 2001 ga masu fetur da 2004 ga masu dizal, an yi shi ne don na'ura ɗaya ta yi tambaya kwamfutar mota ta amsa. Idan sikanar Launch da ta Autel suka yi tambaya tare, amsa takan cuɗe, ko a ga sikana ta ce babu sadarwa alhali motar lafiyarta ƙalau. Tsofaffin Corolla da Golf masu layin sadarwa na K sun fi saurin katsewa. Mun ga yadda irin wannan ruɗani ke sa a ɗora wa birenbos, wato kwamfutar mota, laifi, mai mota da ke sammakon zuwa aiki Abuja ya sayi abin da bai lalace ba. Wannan cin amanar kwastoma ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Saboda haka taron ya yanke shawara kamar haka:

1. Sikana ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ke son tabbatarwa da ta biyu, ya kashe mota, ya zare ta farko, sannan ya jona.

2. Lokacin saka wa birenbos sabuwar manhaja ko haɗa makulli, a cire duk abin da ke kan soket, har da tiraka, a kuma tabbatar batir na da ƙarfi. Idan aikin ya katse a tsakiya, kwamfutar na iya mutuwa gaba ɗaya, kuma asarar tana wuyan garejin da ya yi sakacin.

3. Kada a goge kod sai an rubuta an nuna wa mai mota. Misali, kod P0300 na nufin injin na tsallake wuta. Ba ta faɗi ko fulogi ne, ko kwayil, ko nozul ba. Sai an duba da hannu.

4. A gaya wa kwastoma cewa rami na 16 yana da wuta ko mota a kashe take, don haka ƙaramar sikanar ELM327 da aka bari a jone tana iya shanye batir idan mota ta daɗe a ajiye.

Iyayen gida sun ɗauki nauyin koya wa yaransu wannan ƙa'ida kafin su miƙa musu na'ura. Duk ƙorafin da ya taso a kai shi ga dattawan ƙungiya.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare