Haƙurin Da Ya Zama Takunkumi

Duk wanda ya tsaya a Court Road da ƙarfe bakwai na safe zai ga ayarin malaman makarantun kuɗi, da yaran shago masu nufar kasuwar Tarauni, da masu gadi da suka kwana a zaune. Ka tambayi kowannensu yaya aiki, amsar ɗaya ce: "Sai haƙuri."

Mu malamai mun san abin da ke ƙarƙashin wannan amsa. A Gyaɗi-Gyaɗi mun ga mai makaranta ya zagi malami a gaban ɗalibansa, ya zaftare masa albashi don lattin minti goma, alhali yana riƙe da haƙƙinsa na wata biyu. Malamin ya haɗiye, washegari ya huce a kan yara da bulala. Abokan aikinsa kuwa suka koma kai gulmar juna ofis don neman shiga. Ashe zalunci ba ya tsayawa inda ya sauka.

Dokar ƙwadago ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku. Yaron shago nawa ne ya taɓa ganinta? Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Maigida shi ne doka, shi ne alƙali.

To, 'yan'uwa marubuta, mu ma da laifinmu. Littattafanmu nawa ne suka ƙare da yaron gida mai shan mari ya auri 'yar maigida, aka rufe da "mahaƙurci mawadaci"? Muna saƙa wa azzalumi takunkumin da zai ɗaura wa na ƙasa da shi.

Haƙuri ibada ne, ba mu musa ba. Amma addinin da ya hore mu da shi, shi ya ce a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Ma'aikatan da suka bi Michael Imoudu yajin aikin 1945, da malaman da suka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa tare da Malam Aminu Kano a 1948, haƙurin tsayawa kan gaskiya suka yi.

Irin wannan haƙuri muke son gani a rubutunmu. Na sunkuyar da kai ya ishe mu haka nan.