Sharhi: Cocin Ƙasa na Ƙauyen Tolpuddle

Sharhinmu na yau zai kai mu ƙauyen Tolpuddle a gundumar Dorset, kudu maso yammacin Ingila, inda wani ɗan ƙaramin coci na mabiya ɗarikar Metodis yake tsaye tun shekarar 1818.

Wanda ya wuce ta gabansa ba lallai ya waiwaya ba. Ɗaki ne guda, ba hasumiya, ba ado. Da ƙasa aka ta da bangonsa, ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka riƙa ɗorawa hawa-hawa, kusan yadda maginanmu na gargajiya suke yi. Talakawan ƙauyen ne suka gina abinsu gwargwadon ƙarfinsu. Bayan wasu shekaru aka daina ibada a cikinsa, ya koma wurin ajiyar kayan gona, ya shafe fiye da shekara ɗari a haka, bango na tsagewa, ruwa na cin gindinsa.

To me ya sa hukumomin Ingila suka sanya irin wannan ɗaki cikin gine-ginen da doka ta hana a rusa ko a sauya ba da izini ba? Saboda mutanen da suka zauna a kan bencinansa.

A farkon shekarun 1830, ladan mai aikin gona a Tolpuddle ya sauko daga sule tara a mako zuwa sule bakwai, aka kuma fara maganar mayar da shi shida. Mai iyali ba zai rayu da wannan ba. A 1833 wani lebura mai suna George Loveless, wanda yake wa'azi a cocin Metodis ba tare da albashi ba, ya haɗa kai da 'yan uwansa ma'aikata suka kafa ƙungiyar taimakon juna. Kafa ƙungiyar ƙwadago ba laifi ba ne a lokacin, tun 1824 aka soke dokar da ta hana. Sai masu gonaki, da James Frampton a gaba, suka nemi wata hanya. Aka tono wata doka ta 1797, wadda aka yi saboda boren sojojin ruwa, mai hana rantsuwa a asirce. Da ita aka kama mutum shida a watan Fabrairun 1834: George da ƙanensa James Loveless, Thomas Standfield da ɗansa John, James Brine da James Hammett. Kotu a Dorchester ta yanke musu hukuncin kora zuwa Ostiraliya na shekara bakwai.

Ingila ta ɗau zafi. Dubban mutane suka yi jerin gwano a Landan, kimanin mutum 800,000 suka sa hannu a takardar koke, kuma a 1836 gwamnati ta yi wa mutanen shidan afuwa. Biyar daga cikinsu suka yi ƙaura zuwa Kanada daga baya. Hammett ne kaɗai ya koma ya zauna a Tolpuddle, a nan kabarinsa yake.

Abin da nake so mu lura da shi, jama'a, shi ne inda waɗannan leburori suka samo ƙarfin hali da iya tsari. Biyar daga cikin shidan 'yan Metodis ne. Tsarin da John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar, ya bari kafin rasuwarsa a 1791 yana kasa mabiya rukuni-rukuni, su haɗu duk mako, kowa ya kawo kwabonsa, a rubuta a littafi, wani daga cikinsu ya jagoranci zaman. Mai huɗa da mai kiwo suna iya hawa mumbari. A ƙauyen da mai gona da limamin cocin gwamnati da alƙali duk bakinsu ɗaya, wannan ɗaki ne wurin da talaka yake miƙewa ya yi magana a saurare shi. A nan ya saba da karatu, da riƙon amanar kuɗin jama'a, da tsayawa gaban mutane ba tare da murya ta yi rawa ba. Da ranar shari'a ta zo, Loveless ya shaida wa kotu cewa ba su cuci kowa ba, kansu da matansu da 'ya'yansu kawai suke neman tsarewa daga yunwa.

Manyan majami'u irin na birnin Salisbury ba sa rasa masu kula da su. Ginin talaka kuwa shi ke fara zubewa, alhali sau da yawa shi kaɗai ne shaidar da talaka ya bari, tunda ba ya barin hotuna ko takardun gado. Shi ya sa nake jinjina wa mutanen da suka kafa wata gidauniya suka sayi ginin a 2015, suka nemo tallafi, suka gyara shi har aka sake buɗe shi ga jama'a.

Gyara kuwa ba ya ƙarewa rana ɗaya. Bangon ƙasa yana buƙatar rufi mai kyau da busasshen gindi, kuma in aka shafe shi da siminti danshi ne zai taru a ciki ya ruɓar da shi. Kowane watan Yuli dubban 'yan ƙwadago suna hallara a Tolpuddle da tutoci da kaɗe-kaɗe don tunawa da mutanen nan shida. Kirana gare su shi ne su ware wa wannan ɗaki kasonsa a kowace shekara, kada a bar nauyinsa a wuyan 'yan ƙauyen su kaɗai.