Sharhi: Takin Da Ke Saukowa Daga Sama Bashi Ne, Ba Kyauta Ba

Duk attajirin da ya zuba jari a gandun dashen itatuwa, ko na katako, ko na roba, ko na kwakwar manja, yakan lissafa kuɗin fili da na iri da ladan ma'aikata. Abin da ba kasafai yake shiga littafinsa ba shi ne abin da ruwan sama ke saukewa a gandun, alhali kuwa yana iya cin uwar kuɗin ba tare da an farga ba.

Hayaƙin motoci da na masana'antu, da tururin da ke tashi daga takin zamani da kashin dabbobi, duk suna ɗauke da sinadarin naitrojin zuwa sararin sama, daga nan ya dawo ƙasa tare da ruwa ko ƙura. Wannan shi ne sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya, saboda haka da fari itatuwa kan yi kore shar, su ƙara saurin girma, mai gandu ya zaci ya tsinci dami a kala.

Amma idan naitrojin ya wuce abin da itatuwa ke iya sha, ragowar kan bi ruwa ta nutse, ta kwashe kalsiyam da magnisiyam da fotasiyam ta tafi da su. Sai ƙasa ta yi tsami, tsamin kuma ya saki sinadarin alminiyam mai lahani ga saiwa, sa'annan fosfaros ya yi wa itace wuyar samu. Gandun kasuwanci ya fi dajin Allah shiga hatsari, domin duk saran da aka yi ana fita da wani kaso na waɗannan sinadarai a cikin gungume da ɓawo. Ribar saran farko, ashe, ranto ta aka yi daga sara na biyu da na uku.

Wannan ba hasashe ba ne. A ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa faɗin dazuzzukan da aka dasa, wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa naitrojin da ke sauka a kowace hekta a shekara ya tashi daga kimanin kilo 13 a shekarun 1980 zuwa kilo 21 a shekarun 2000. Jamus kuwa tun shekarun 1980 ta shiga kashe kuɗi wajen watsa farar ƙasa a dazuzzukanta don rage tsami. A Holan lamarin har ya kai gaban shari'a: a 2019 babbar kotun al'amuran mulki ta soke tsarin gwamnati na ba da izinin fitar da naitrojin, abin da ya jefa ayyuka kusan 18,000 cikin tsaiko.

Mu ma abin ya shafe mu. Ƙasar kudancin Nijeriya, inda gandayen katako na Omo da Oluwa da gonakin roba na Edo da Delta suke, da ma can mai tsami ce saboda yawan ruwan sama. Ga ƙona iskar gas a yankin Neja-Delta, ga cunkoson motoci da injinan ba da wuta a Legas, ga kuma amfani da yuriya da ake ƙoƙarin bunƙasawa.

Ba muna cewa a rage wa manomi taki ba, domin gonakinmu na abinci ƙarancinsa suke fama da shi. Abin da muke cewa shi ne, ƙasa ita ce jarin mai gandu, kuma jari sai da bincike. Ya kamata a auna tsamin ƙasa da sinadaranta kafin dashe da bayan kowane sara, a riƙa barin ɓawo da rassa a gandu su ruɓe, a kuma sa kuɗin farar ƙasa a cikin kasafi. Su ma bankuna su nemi sakamakon awon ƙasa kafin su ba da rancen dogon zango. Gwamnati kuwa ta kafa tashoshin auna abin da ke saukowa tare da ruwa.

Masu iya magana sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.